Taki, Fansho da Hanyar Gona: Da Wane Ma'auni Za a Auna Wakilin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

Kujera ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya take ɗauke da muryar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Duk wanda ya hau ta, shi ne bakin mai masara a Ketare, da mai auduga a Daudawa, da dillalin shanu a Sheme, da tsohon sojan da ya dawo gida Sabuwa yana jiran fansho, a zauren da mutum 360 kowa yake so a ji tasa. A wannan zango sai da rigimar kujerar ta je kotu, aka sake kaɗa ƙuri'a a wasu rumfuna cikin Fabrairun 2024, kafin ta zauna a hannun Shehu Dalhatu Tafoki, wanda ya taɓa riƙe muƙamin mataimakin kakakin Majalisar Dokokin Jihar Katsina. Ga shi 2027 ta ƙarato, kuma a teburin mai shayi da gindin bishiya za a sake tayar da tsohuwar tambaya: me ya kawo mana?

Tambayar tana kan hanya. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake amsa ta. An saba a lissafa buhunan taki da babura da kekunan ɗinki da shinkafar azumi, sai a yanke hukunci. Alhali abubuwan da suka fi juya rayuwar mutanen yankin, wato farashin taki da na masara, da hanyar da za ta kai mutum gonarsa ya dawo da ransa, da haƙƙin da tsohon soja yake bin gwamnati, a kan takarda ake yanke su: a doka, a kasafin kuɗi, da zaman kwamiti inda ake titsiye minista. A nan ya kamata a auna wakili, ko wane ne shi, ko daga wace jam'iyya ya fito.

Abin da ke hannunsa da wanda ba ya hannunsa

Tsarin Mulkin 1999 ya ba majalisa makamai uku. Sashe na 4 ya ba ta yin doka. Sashe na 80 da na 81 sun hana a taɓa kuɗin gwamnati sai da amincewarta. Sashe na 88 da na 89 kuma sun ba ta ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Bayan waɗannan, ɗan majalisa ba shi da soja ko ɗaya a ƙarƙashinsa, ba shi da ma'aikatar ayyuka, ba ya kuma sa hannu a takardar fili.

Sojoji da 'yan sanda da harajin shigo da kaya da fanshon da ake biya daga asusun Tarayya, Majalisar Ƙasa kaɗai ke yi musu doka. Noma kuwa, Abuja da Katsina duk suna da hannu a ciki. Ita ƙasar noman, dokar 1978 ta danƙa amanarta ga gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi bayar da izinin filayen karkara.

Aminu Bello Masari ya ɗanɗana ɓangarorin biyu. Daga 2003 zuwa 2007 shi ne kakakin Majalisar Wakilai, yana wakiltar Malumfashi da Kafur, nan kusa da Ƙanƙara. Duk girman kujerar, ba shi da ikon rufe ko kasuwar ƙauye. Da ya zama gwamna, a ƙarshen Agustan 2021, sa hannu ɗaya ya yi aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku. Cikin Satumba aka katse layukan waya. Wanda bai fahimci wannan bambanci ba zai ta neman aikin gwamna a wurin ɗan majalisa, ya bar shi ya sha da aikin da yake nasa.

Abin da aka fi ganin 'yan majalisa suna yi shi ne gabatar da ƙudirin gaggawa. Yankin ya ga masifun da suka isa a tashi tsaye: kisan Kadisau a Faskari cikin Yunin 2020, da kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disambar 2020, waɗanda aka sako 344 bayan kwana shida, da harin 'Yargoje a Yunin 2024. Al'adar majalisa a irin wannan hali sananniya ce. Wakili ya miƙe ya karanta, a yi shiru na minti ɗaya, a yi kira ga hafsoshin tsaro su ƙara jami'ai, a nemi hukumar NEMA ta kai agaji, kakaki ya buga guduma. Matsayar da aka cimma shawara ce kawai, doka ba ta tilasta wa kowa ya bi ta. Tana yin tasiri ne idan mai ita ya bi ta har kwamiti, ya ajiye takardar, ranar da ma'aikatar tsaro ta zo kare kasafinta ya fito da ita ya ce: ina sansanin da muka nema a hanyar Yankara? Ina kuɗinsa a cikin wannan kundi? Wannan bibiya ba a ɗaukar ta a hoto, shi ya sa ba kowa ke wahalar da kansa a kanta ba.

Gona: abin da ake rabawa da abin da ake yankewa

Wannan yanki ba baƙon noma mai tsari ba ne. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar yaɗa irin auduga a Daudawa, injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi suna karɓar kaɗar da ake fitarwa. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya zaɓi Funtuwa, tare da Gusau da Gombe, don gwajin shirin bunƙasa noma na farko a ƙasar nan, kuma gundumomin Faskari da Ƙanƙara suna ciki. An soki shirin da cewa ya fi yi wa manyan manoma rana, kuma sukar tana da tushe. Amma dattawa sun san abin da ya bari: hanyoyin burji masu shiga ƙauyuka, cibiyoyin sayar da taki da iri kusa da manomi, malaman gona masu zagayawa, da ingantacciyar masarar da ta mamaye gonakin da a da dawa da gero ne kawai. Duk abin da ya daɗe daga wancan shiri, abu ne da kowa yake mora ba tare da an rubuta sunansa a takardar rabo ba.

A kwatanta da abin da ake yi yanzu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a harabar sakatariya ranar rabon taki ya san yadda ake yi. An jera buhuna, an kafa hoton mai bayarwa, maroƙi yana zuba kirari a lasifika, shugabannin jam'iyya na mazaɓu kowa da takardar sunayensa. Dattijo ya taho tun hantsi, sai bayan la'asar a kira shi, a haɗa su biyu ko uku a buhu ɗaya, su koma gefe su raba da tiya. A bakin ƙofa ga mai saye yana jira da kuɗi a hannu, domin wanda gonarsa take bakin daji ba shi da inda zai zuba takin, gara ya karɓi abin cefane.

Lissafin ma ba ya ɓuya. Tirela tana ɗaukar buhu 600. A ce wakili ya yi bajinta ya kawo tirela biyar, buhu 3,000 ke nan. Ƙananan hukumomin nan uku suna da mazaɓun kansila sama da 30, don haka kowace mazaɓa ba za ta samu buhu 100 ba, a wurin da manomin masara ɗaya mai matsakaicin ƙarfi yake buƙatar buhuna da dama a damina guda. Ba a raina kyauta, amma kyautar da ba ta isa unguwa ɗaya ba ba za ta zama manufar noma ba.

Abin da ya taɓa kowane manomi, mai katin jam'iyya da marar kati, daga Abuja ya fito. Shirin takin shugaban ƙasa da aka fara a ƙarshen 2016 ya tsayar da buhun NPK a naira 5,500 na wasu shekaru. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira sun ɗaga kuɗin taki da maganin feshi da huɗar tarakta da dakon kaya a lokaci guda. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Magidancin birni ya samu sauƙi, haka ma talakan ƙauye da rumbunsa yake ƙarewa tun bazara, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Sai dai zuwa kakar 2025, a kasuwanni da yawa na Arewa, manomi yakan sayar da buhun masara kuɗin bai saya masa buhun taki ba. Wanda ya ci bashi ya yi noma ya ga gonarsa ta yi kyau, aljihunsa ya faɗi.

Nan ne aikin wakilin manoma yake. Shi ya kamata ya sa a kira ministan noma da na kuɗi su faɗi nawa aka shigo da shi, su wa aka ba izini, kuma me aka tanada wa wanda ya noma a gida. Shi ya kamata ya matsa a ware kuɗin da gwamnati za ta sayi hatsi a kaka da farashin da ba zai karya manomi ba, ta zuba a rumbunanta, ta fitar lokacin tsada. Dokar kula da ingancin taki da ta hukumar iri duk an sa musu hannu a 2019, amma har gobe ana sayar wa mutane taki mai haɗi da iri marar tsiro, saboda ba a ba masu duba kasuwa kuɗin aiki da abin hawa ba. Shirin bashin manoma na Babban Banki, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, ya zo ya wuce da ɗimbin bashin da ba a biya ba, da ƙorafin cewa manoman takarda sun sha gaban manoman fartanya. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Maputo ta 2003 cewa za ta ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafinta, ba ta cika ba, kuma majalisa ce take amincewa da kasafin duk shekara. Cibiyar binciken noma ta Samaru tana nan Zariya, ba nisa, tana fitar da irin masara da auduga da dawa, amma in babu malamin gona da babur da mai, irin yana ƙarewa a gonar gwaji.

Sai an je gona ake noma

Duk wannan magana tana zuwa ne bayan an samu hanyar gona. Faskari da Ƙanƙara sun yi iyaka da Zamfara, Sabuwa tana jingine da dazukan Birnin Gwari. Shekaru ke nan manoma a garuruwa da dama suna biyan 'yan bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi, wani wuri ma a tilasta musu noma gonar ɓarayin kafin su taɓa tasu. Gonakin nesa, waɗanda su ne masu faɗi da albarka, an bar su sun koma saura, jama'a sun cunkushe a 'yan filayen bakin gari.

An gwada hanyoyi iri-iri. A farkon 2017 a garin Ƙanƙara aka yi bikin ajiye makamai, a 2019 Gwamna Masari ya shiga daji da kansa neman sulhu, duka biyun suka warware. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai matasa kusan 1,500 daga ƙananan hukumomi takwas na bakin daji, waɗannan uku suna ciki. A 2025 kuma aka koma zaman sulhu a matakin ƙananan hukumomi. Wasu suna ganin ya ba su damar kwana a gida da kwaso amfanin gona, wasu suna tambayar amfanin sulhun da aka tashi kowa da bindigarsa a kafaɗa.

Wakili ba shi da ikon ba da umarnin kai farmaki, amma akwai ƙuri'un da ke jiransa. Maganar 'yan sandan jihohi sai an gyara tsarin mulki, da rinjayen kashi biyu cikin uku a zaurukan Majalisar Ƙasa biyu da amincewar majalisun jihohi 24. Hukumar Raya Arewa maso Yamma, wadda aka sa hannu a dokarta cikin Yulin 2024, an kafa ta ne don sake gina irin waɗannan wurare, kuma wanda ya kai sunayen garuruwansa da hujja shi zai samu. Fadar Kanwan Katsina a Ketare, da ta Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, da ta Sarkin Yamma a Faskari sun san ƙauyukan da suka tashi, da makarantun da aka rufe, da dakunan shan magani da suka zama kango. Haɗa wannan bayani wuri guda a kai shi gaban hukuma aiki ne na ofishin ɗan majalisa. Sabuwar ma'aikatar kiwon dabbobi ta 2024 ma haka. Makiyayin da aka sace wa shanu, aka nome masa burtali, bai kuma ɗauki bindiga ba, shi ma ɗan mazaɓa ne. Wakilin da ya manta da shi ya bar rabin matsalar a daji.

'Yan mazan jiya

A garuruwan nan akwai tsofaffin sojoji zubi-zubi. 'Yan Bama, waɗanda suka yi wa Ingila yaƙin duniya na biyu, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Akwai waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da waɗanda aka tura Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sai matasan da suka dawo daga Borno da Yobe, wani da ƙafa ɗaya, wani da firgitar da ba ta barinsa barci. Ana tunawa da su ranar 15 ga Janairu, ranar da basasa ta ƙare, a ajiye furanni a saki tattabaru. Suna da ƙungiya da aka kafa da doka tun 1964, da hukumar fansho ta kansu, kuma a 2011 majalisa ta fitar da sojoji daga tsarin fanshon adashi. Duk da haka, a ƙarshen 2024 da cikin 2025 an ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu.

Wanda ya iya zuwa Abuja ma yana da sauran ƙarfi. A dubi matar sojan da aka kashe a bakin daga, ta dawo gidan iyayenta da yara huɗu. A cikin leda take ajiye takardun: sanarwar rasuwa, da hotonsa da kaki, da lambar aikinsa a bayan wani tsohon kati. Sunan da ya rubuta a matsayin magaji tun yana saurayi na yayansa ne, bai canja ba. Sunanta a banki ya sha bamban da na katin ɗan ƙasa da harafi ɗaya. Kowane gyara tafiya ce zuwa Funtuwa ko Katsina ko Kaduna, a hanyar da ba a bi bayan la'asar. In ta je ofishin mazaɓa, idan ma a buɗe yake, abin da aka saba gaya wa irinta shi ne, "Baiwar Allah, Honarabul yana Abuja, ki dawo wani satin."

Abin da take buƙata bai kai kuɗin babur biyu ba: ma'aikaci ɗaya a ofishin, wanda ya san takardun fansho da na inshorar rai, yana da rajistar duk tsofaffin sojoji da 'yan sanda da matan mamata na ƙananan hukumomin uku, yana bin fayil har ya fito. Idan hukuma ta yi kunnen ƙashi, Majalisar Wakilai tana da kwamitin karɓar koke-koken jama'a, mai ikon kiran shugaban kowace hukuma, kuma ta hannun ɗan majalisa ake shigar da koken a zaure. Mutane ƙalilan ne a karkara suka san da wannan ƙofa.

Majalisa ta nuna tana iya gyara fansho in ta ga dama. A 2023 aka sa hannu a dokar da ta ba ma'aikatan Majalisar Ƙasa hukumar fansho tasu. 'Yan sandan da suka yi ritaya kuwa sai da suka yi zanga-zanga a ƙofar majalisar cikin Yulin 2025 suna neman irin wannan. Mai zaɓe yana da damar tambayar wakilinsa wane ɓangare ya tsaya.

Ritaya a wannan yanki ba ta nufin hutu. A Fabrairun 2025 aka ɗauke Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, daga gidansa a Tsiga ta ƙaramar hukumar Bakori, ya yi kusan wata biyu a daji. Idan janar bai tsira ba, ina ga kofur? Ga kuma wani sabon rukuni da ba a saba sa shi a lissafi ba: 'yan banga da mafarauta da matasan da suke kwana a bakin gari da bindigar toka. Ba a musun cewa an samu wuce gona da iri a cikinsu, wanda ya ƙara rura wutar gaba. Wannan ma dalili ne na a yi musu rajista da horo da doka, wadda za ta faɗi hukuncin wanda ya yi zalunci, ta kuma faɗi haƙƙin iyalin wanda ya mutu yana kare gari. Buhun shinkafar ta'aziyya alheri ne na wanda ya bayar, yana iya bayarwa bana ya hana baɗi. Abin da doka ta rubuta shi ne marayu za su iya nema.

A Amurka an daɗe da haɗa maganar tsohon soja da ta gona. Dokar 1944 ta ba waɗanda suka dawo daga yaƙi damar karatu da lamunin gida da gona, dokar noma ta 2014 kuma ta ware musu matsayi na musamman a shirye-shiryen ma'aikatar noma. Mu ma muna da cibiyar Oshodi a Legas, inda ake koya wa sojoji sana'a kafin su ajiye kaki, har da noma da kiwo. Abin da ya rage shi ne abin da zai tarbe su a gida: fili, da lamuni daga Bankin Manoma ta hanyar ƙungiya, da gurbi a horar da jami'an tsaron al'umma. Mutumin da ya yi shekara 35 yana bin umarni da tsari, asara ce a bar shi yana gadin shago.

Ayyukan mazaɓu

Shekaru da dama an riƙa ware naira biliyan 100 kowace shekara don ayyukan da 'yan majalisa suke zaɓa wa mazaɓunsu. Ba a hannu ake ba su ba. Wakili yana faɗin aikin, a saka shi ƙarƙashin wata hukuma, ita ta ba da kwangila, ko da yake kowa ya san ana jin ta bakinsa wajen zaɓen ɗan kwangilar. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce an kashe kusan naira tiriliyan ɗaya a shekara goma ba a ga tasirinta a karkara ba, kuma a shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin sawun ayyukan. A kasafin 2025 ƙungiyar BudgIT ta ƙirga ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da majalisa ta cusa.

Dalilin da ya sa aka fi son rabon kaya da tarukan horo a bayyane yake. Kwalbati yana nan, ana iya zuwa a auna shi, a ga ko an zuba siminti. Babura 200 kuwa, da an watse taro babu mai iya cewa 200 ne ko 120. A yankin da mota ba ta shiga wasu garuruwa daga Yuli zuwa Satumba, inda mai naƙuda take hawa amalanke, zaɓar fitilar sola a kan gada ko madatsar noman rani magana ce da ya kamata a yi wa jama'a bayaninta. Kundin kasafi ba sirri ba ne, yana intanet, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa duk wanda ya rubuta ya tambaya.

Ƙofar gidan Honarabul

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Duk ɗan majalisar da ya kwana a gida, kafin ya idar da sallar asuba ƙofarsa ta cika: mai takardar asibiti, mai suna, mai kuɗin jarrabawa, da wanda aka ba wa'adin kuɗin fansar ɗansa. Ba kwaɗayi ne ya tara su ba. Ƙaramar hukumar da ya kamata ta riƙe asibitin gari da makarantar firamare ta daɗe ba ta da ƙarfi, shi ya sa hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya shafi kowa. Wakilin da ya rufe ƙofa ya ce shi doka kawai yake yi, ba zai sake ganin kujerar ba, kuma ba a ce ya rufe ba.

Sai dai kuɗin da ake rabawa a ƙofa daga wani wuri suke fitowa, kuma sau da yawa daga aikin da ba a kammala ba ne. Mai neman alfarmar hukuma don ya samu abin rabo ba zai iya ɗaga wa shugabanta murya a kwamiti ba. Ta haka ake samun 'yan amshin Shata, kuma masu zaɓe suna da kaso a laifin.

Tambayoyin da za a yi

Sashe na 69 ya ba da damar kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu, kuma tun 1999 ba a taɓa cire kowa ta wannan hanya ba. Abin da ya rage shi ne ranar zaɓe, da watannin da ke gabanta, lokacin da kowane ɗan takara yake sauraro. Wanda ke kan kujera a tambaye shi kwamitocin da yake ciki da abin da ya fito da shi daga cikinsu. A nemi jerin ayyukan da ya saka a kasafi shekara bayan shekara, da garin da kowanne yake, a je a gani da ido. A tambaye shi abin da ya ce lokacin da masara ta faɗi taki ya tashi, da yawan fayil ɗin fansho da ofishinsa ya bi har aka biya, da ranar da ya tara jama'a a Ketare ko Maigora ko Damari don ya saurare su ba don ya raba musu kaya ba. Masu neman kujerar su ma a yi musu tambayoyin nan, a rubuta amsarsu, a ajiye.

Wannan aiki ne na ƙungiyoyin manoma, da reshen tsofaffin sojoji, da limamai, da malaman makaranta, da matasan da suke kwana a Facebook suna kare iyayen gidansu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan an kawo taki a karɓa, a yi godiya, domin da kuɗin jama'a aka saye shi. Amma kafin a yi alkawarin ƙuri'a, a ce wa mai nema ya zo da takarda.